Gyaran tsohon gidan ƙasa a ƙauye da ɗan abin da ke hannunka

Duk wanda ya bi hanyar Soba, ko ta Giwa, ko ta Hunkuyi a ƙarshen damina zai ga irin gidajen da nake magana a kansu. Zaure ya zube gefe guda, katanga ta koma tudu, ciyawa ta tsiro a kan soro, ɗaki biyu ko uku kuma suna nan tsaye suna jiran tasu ranar. Masu gidan suna Zariya ko Kaduna, kowa na cewa in Allah ya hore masa zai rushe ya tayar da na bulo. Shekara na bin shekara, kuɗin siminti na ƙara hawa, gidan na ƙara narkewa. Gidan mahaifinmu, a wani ƙauye gaba da Maigana, ya kusa shiga wannan sahu. Da albashin malamin makaranta da kuɗin adashi aka tayar da shi, kuma tsarin da muka bi shi zan shimfiɗa a nan. Ruwa ke kashe ginin ƙasa, ta sama da ta gindi. Saboda haka duk nairar da ta shigo hannunka, tare ruwa za ta fara yi. Fenti da tayil da ƙofar ƙarfe su jira.

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka zauna da 'yan'uwa. Yawancin gidajen nan gado ne da ba a raba ba, kuma gidan da yake kango babu mai waiwayarsa, ranar da ya yi kyau kowa zai tuna yana da haƙƙi a ciki, kuma da gaskiyarsa. Ka je wurin babba a dangi ka ce, "Baffa, ga abin da nake so in yi, me kuka gani?" A kira mata su ma, 'yan'uwanka da gwaggonninka, don magada ne kamar kowa. A fayyace tun farko: kuɗin da za ka kashe sadaka ce ga gidan, ko bashi ne da za a cire ranar rabo, ko kuwa ɗakunan da ka gyara za su shiga kasonka? A rubuta a takarda, mai unguwa ko dagaci da liman su shaida, kowa ya riƙe kwafi. Wannan zaman ba ya cin komai sai goro da kuɗin mota.

Duba gida kuma a damina ake yin sa. Ruwan da ke sauka a yankin Zariya ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa daga Yuni zuwa Satumba, Agusta kuma shi ne tsakiyarsa. Ka je a watan Agusta, ka tsaya a tsakar gida da lema ana tsuga ruwa, ka bi shi da ido. Ina yake taruwa? Wace indararo ke zubarwa, wacce ta toshe ruwan na bin jikin bango? Ta ina yake fita daga gidan, in ma yana fita? Ka duba bangon gabas da kyau, domin hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma wannan fuskar ce ta fi shan duka. Ka ɗauki hotuna da waya, ka yi alama da gawayi a duk inda ka ga danshi. Da rani duk waɗannan alamomi sun ɓace, bango ya bushe ya yi kamar lafiyarsa ƙalau.

Ɗakin da ya daɗe a rufe, kada ka faɗa cikinsa kai tsaye. A buɗe ƙofa da taga ya sha iska, a shiga da tocila da sanda, a kula da maciji da kunama da rina. Kafin shara a yayyafa ruwa, mai sharar ya rufe hanci da baki, saboda kashin ɓera da fitsarinsa ta nan zazzaɓin Lassa ke kama mutum.

Tsagar bango iri biyu ce. Akwai ta fatar yaɓe, sirara masu yawa, waɗanda ba su shiga ciki ba, su ba abin damuwa ba ne. Akwai kuma wadda ta ratsa bangon, musamman a kusurwa inda bango biyu suka haɗu, ko wadda ta taso daga saman ƙofa ta nufi rufi. Irin wannan ka shafa mata ɗan kwaɓaɓɓen siminti a gicciye, faɗin tafin hannu, ka rubuta kwanan wata a gefe. Idan bayan 'yan makonni simintin ya dare, bangon na tafiya ke nan. Sannan ka ɗaura dutse a igiya ka sake shi daga saman bango ta cikin ɗaki. Ta ciki nake cewa, domin ginin Hausa dama gindinsa ya fi samansa kauri, ta waje kullum za ka gan shi a ɗan kishingiɗe, kuma haka aka gina shi. Idan ta ciki ka ga saman bangon ya kauce har ya kai kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, wannan bango ba na faci ba ne, saukewa za a yi a sake ɗora shi. Kuma daga ranar kada kowa ya sake kwana a ɗakin. Mu mutanen Zariya mun ga iyakar abin ta fuska biyu. Babban Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a shekarun 1830 ya tsaya har zamaninmu, ga shaidar abin da ginin ƙasa zai iya. Kuma ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashensa ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Rufin ƙasa nauyi ne da shi, in ya tashi saukowa ba ya jira a fita.

Bayan ka gama dubawa sai ka yanke shawarar da ta fi wuya: ba duka gidan za ka ceta ba. A namu akwai zaure da shigifa da ɗaki biyar. Muka zaɓi zauren da ɗaki biyu da suka fi lafiya, muka tokare na uku ya jira baɗi, biyun da suka lalace kuwa muka sauke su da hannunmu. Wannan saukewa ita ta rage mana rabin kuɗin kaya. Azarar da ke da sauran ƙarfi ta koma ɗakunan da ake gyara, ƙyauren ƙofa ya sami sabon wuri, ƙasar bangon kuma aka farfasa ta aka jiƙa aka sake kwaɓawa. Magina sun fi son tsohuwar ƙasar gini a kan sabuwa, don ta riga ta sha cuɗa kuma tana nan a tsakar gida, ba kuɗin jaki ba na tifa. Ta can gindin bango kaɗai, wadda ta yi fari-fari da gishiri, ita ba ta komawa gini. A kai ta gona.

Sai magini. Birkilan da ya saba da bulo, komai ƙwarewarsa, in ka nuna masa bangon ƙasa shawararsa ɗaya ce, a rushe. Maginin ƙasa za ka nema, kuma yanzu yawancinsu dattawa ne. Ka tambaya a ƙauyen da maƙwabtansa wane ne ke yi wa mutane yaɓen soro kafin damina, ka je ka ga aikinsa na bara da na bariya da idonka. In ka same shi ka girmama shi, ka kira shi Baba, ka bar shi ya zagaya gidan ya gama kallonsa kafin ka faɗi naka. Namu da na fara yi masa zancen cikin ɗaki, sai ya ce, "Malam, mu hau sama tukuna." Ku yi jinga a kan kowane aiki daban: rufin wannan ɗaki kaza, gindin bangon gabas kaza. Biyan yini yana sa aiki ya yi tsawo. Ka ba da kafin alƙalami kaɗan, sauran kuma sai an gama kowane mataki. Kayan aiki kai za ka saya da kanka.

Lokacin aiki daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. An gama girbi, samari na da sarari kafin su watse cin rani, kududdufi na da sauran ruwa, ga ciyawa da kara a ko'ina. In ka bari sai Maris ko Afrilu, ruwan kwaɓa ƙasa ma saya za ka yi a jarka, kuma ruwan farko zai iya riskar ka da ɗanyen yaɓe. Matsalar wannan lokaci ɗaya ce: shi ne lokacin da masara ba ta da daraja. Wanda zai sayar da amfanin gona don ya yi gyara, a kaka asara zai yi. Shi ya sa na fi son a shirya kuɗin tun daga farkon shekara, a nemi kwasar adashi ta faɗo a Oktoba ko Nuwamba.

Rufi shi ne kan gaba. Ka shiga ɗaki da guduma ƙarama da wuƙa mai tsini, ka bi azara ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyar azara in ka ƙwanƙwasa ta ƙara take yi mai ƙarfi, wuƙa kuma ba ta shigarta. Ka fi mai da hankali ga bakinta, inda ta shige cikin bango, don a nan danshi ke zama, a nan take ruɓewa alhali tsakiyarta na nan garau. Azara daga giginya ake tsaga ta, ta namijin giginya ta fi ƙarfi, kuma gara ba ta cika damunta ba, shi ya sa kakanninmu suka zaɓe ta. Amma tana da iyaka: tazarar da take ɗauka ba tare da tallafi ba ba ta wuce kamar ƙafa 6 ba. Duk ɗakin da ya fi haka faɗi, dabara magina suka yi masa, ko su turo gajerun azara daga bango su rage tazarar, ko su gicciya ta a kusurwa, ko su yi ginshiƙi, ko baka irin ta ɗaurin guga. In ka ga wata azara da kake zaton ba ta da aiki, kada ka bari a cire ta sai magini ya ce.

Sabuwar azara ta yi tsada, giginya ta ragu. Amma cikin birnin Zariya kusan kullum ana rushe tsohon gida don a yi na bulo, kuma sau da yawa azarar na ƙarewa a murhu. Ka sanar da magina da leburori na cikin gari cewa kana nema, za ka samu da araha, kuma wadda ta yi shekaru tana ɗauke da rufi ba ta ruɓe ba ta riga ta ci jarrabawa.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne nauyin da ke kan soron. Kowace shekara ana ƙara yaɓe a kan na bara, ba a cire komai, har ƙasar ta ninka yadda aka gina ta, ga shi in ta sha ruwa nauyinta ƙaruwa yake yi. In ka ga azara ta lanƙwasa, kafin a taɓa ta daga ƙasa a tokare ta da gwafa, a hau sama a kwashe ƙasar da ke kanta, sannan a canza. Ana wannan aiki kada kowa ya tsaya a cikin ɗakin, yara kuma a kore su nesa. In an mayar da azara sai a shimfiɗa sabuwar zana ko asabari, a bi da ƙasa a hankali, kashi-kashi, ana bari tana shan iska. Saman ya gangara zuwa bakin indararo, babu wani lotsi da ruwa zai kwanta. Maginin zai iya gwadawa da bokitin ruwa bayan ya bushe, ku ga inda ya nufa.

Indararo ƙaramin abu ne mai kashe babban gida. Ta zama doguwa, ta fito daga bango aƙalla ƙafa 2, a liƙe wuyanta sosai inda ta ratsa rawanin soro, don ta nan yoyo ya fi farawa. Bututun roba mai inci 4 ya wadatar, ko guntun kwano da aka naɗe. Inda ruwanta ke faɗowa a jera duwatsu, kada ya tona rami ya fantsamo wa bango.

Idan kuɗinka ya kai, shawarata ita ce ka ɗora kwano a kan soron ka bar ƙasar a ƙarƙashinsa. Ka huta da yaɓen kowace shekara, kuma ɗakin na nan da sanyinsa a bazara da ɗuminsa a hunturu, abin da mai kwano da silin ba ya samu. Masu sauke soro gaba ɗaya su buga kwano tsirara suna kashe kuɗi biyu, na saukewa da na silin, su ƙare da ɗakin da ba ya shiguwa da rana a watan Afrilu. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, ka auna ɗakin tare da kafinta kafin ka tafi kasuwar Sabon Garin Zariya. Kada ka sayi mafi arha, wanda kake iya lanƙwasawa da yatsu biyu, araha ba ta ado. Gara tsohon kwano mai kauri, a toshe hujojinsa da kwalta da ƙyalle. Katako kuma ka zaɓa da kanka a wurin 'yan katako, busasshe miƙaƙƙe, a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a hau da shi, a kuma yi wannan shafar nesa da rijiya.

Ka tsaya a kan kafinta a wurare uku. Kwanon ya zarce bango da aƙalla ƙafa 2 ta kowane gefe, na gabas in da hali ya fi haka. Kafintoci na son rage wannan don kwano ya isa, kada ka yarda, wannan zarcewar ita ce rigar bangon. Na biyu, a ɗaure katakon da langa-langa a jikin ginin, ta nutsa cikin bango sosai ko a zagaya ta a azara, ba a aza shi kawai a danne da duwatsu ba. Iskar farkon damina kowa ya san abin da take yi wa rufi a ƙauyukanmu. Na uku, a fara jera kwanon daga yamma a nufi gabas, yadda bakin kowane falle zai ba iskar gabas baya, ƙusa mai hula kuma a kan tudun kwano ake buga ta, ba a cikin kwarinsa ba.

An gama da sama, sai gindi. Ka zagaya gidan ka ga yadda ruwa ya ci ƙasan bango ya yi masa kogo. Wani wurin fantsamar ruwa ce, wani kwata ce ke bi ta jikinsa, wani turken awaki ne, wani kuma wurin da ake tsugunawa fitsari ne shekara da shekaru, gishirinsa ya cinye ƙasar. A fara kawar da sanadin: turke ya matsa, randa da wurin wanke-wanke su bar jikin bango, bishiyar da saiwarta ta shiga ƙarƙashin gini a datse saiwar. Cikon kogon kuma ba a yin sa gaba ɗaya. A ɗauki kamar taku ɗaya, a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a kai mai ƙarfi, a yayyafa ruwa, a cike da dutse ko tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a tsallake taku biyu a yi wani. Sai waɗannan sun bushe a dawo kan na tsakani. Wanda ya kankare gindin bango daga wannan kusurwa zuwa waccan a rana ɗaya, ya cire wa ginin ƙafa.

Daga nan a yi ɗan dakali a bi gindin bangon da shi ta waje, tsayin kamar ƙafa ɗaya da rabi, da dutse ko bulo, samansa a gangare zuwa waje. A nan ne siminti ke da amfani, kuma buhu kaɗan ya isa. Sannan a gyara ƙasar da ke kewaye ta gangara nesa da gida. A tsofaffin gidaje za ka tarar hanya ta waje ta fi tsakar gida tudu, saboda shara da ƙasar da ruwa ke kawowa, sai rariya ta koma shigo da ruwa maimakon fitar da shi. Wannan aikin diga ne da shebur da baro. In kana da mutunci a ƙauyen, gayya ɗaya da tuwo da kunu ta gama shi.

Yanzu yaɓe, inda kuɗin mutane ya fi ƙonewa. Kowa na son ya shafe bangon ƙasa da filastar siminti ya yi sumul kamar na birni. Siminti da ƙasa ba sa kama juna. Ƙasa na shan danshi ta kumbura, ta bushe ta koma, siminti kuwa ba ya motsi, sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, bangon na ruɓewa a ciki, waje na sheƙi, kamar wanda ya ɗaure gyambo da leda. Ranar da filastar za ta ɓamɓaro, da naman bangon take tahowa. Ka ƙwanƙwasa irin wannan filasta a gidajen da aka yi wa, za ka ji ƙarar fanko. In naka gidan an riga an yi masa, duk inda ya yi wannan ƙara a ɓamɓare shi, a bar bangon ya sha iska kafin a yaɓe.

Da ƙasa ake yaɓe ƙasa. Jar ƙasa mai birji ita ce ta gini, amma ta kowane rami da halinta, don haka ka gwada. Ka kwaɓa kashi uku ko huɗu, wannan zalla, wannan da yashi kaɗan, wannan da yashi da yawa, ka shafa kowanne a jikin bango faɗin faranti, ka bar su kwana biyu. Wanda ya tsattsage yumɓu ya yi masa yawa. Wanda ke zuba in ka goga hannu yashi ya yi masa yawa. Wanda ya tsaya lafiya shi ne ma'auninka. A zuba yankakkiyar ciyawa, in an sami kashin doki ko na jaki a haɗa, a tattake da ƙafa, a rufe a bar ta ta kwana biyu ko uku tana ruɓa, a sake cuɗawa. Masu gaggawa suna tsallake wannan jira, shi ya sa yaɓensu ba ya kai damina biyu. Kafin a shafa a kankare bangon, a yayyafa masa ruwa, a yi shafi biyu marasa kauri maimakon ɗaya mai kauri. Da hunturu iska na busar da yaɓe da sauri har ya dare, saboda haka a yi da sassafe ko da yamma.

Abin da ke sa yaɓen ya jure ruwa shi ne makuba, kuma kusan kyauta ce. Ɓawon ɗorawa ne, wanda ke saura bayan an cire gari da kalwa. Ana jiƙa shi ko a tafasa har ruwan ya yi ja ya yi duhu, a kwaɓa shafin ƙarshe da shi, a kuma yayyafa a kai. Ɗorawa na nuna ne a bazara, don haka tun lokacin za ka roƙi matan da ke yin daddawa su tara maka ɓawon a buhu, ka ba su ɗan abin goro. Ana sabunta ta bayan shekara biyu ko uku. Da can masu hali laso suke yi, katsi daga marina da gashin jima daga majema da ruwan dafara, ya fi makuba daɗewa, amma marina sun ragu, katsi ya yi wuyar samu. Ga bangon gabas kaɗai, in kwanon bai rufe shi sosai ba, mun sa siminti kaɗan a cikin ƙasar yaɓen, kwanon sarki 1 a cikin 12 na ƙasa mai yashi. Wannan yana ƙara mata ƙarfi ba tare da ya toshe ta ba. Irin wannan kwaɓin ba ya kwana, yadda aka haɗa haka za a shafe shi.

Ƙasan ɗaki ya danganta da aljihu. Daɓe na tsakuwa da makuba, in an buga shi da kyau da madaɓi, yana shekaru, kuma har yanzu akwai matan da suka iya shi a ƙauyuka, da waƙoƙinsu. A ɗakin Gwaggo shi aka yi, don ita ta ce ba ta son sanyin siminti a ƙafarta. In siminti kake so, a bari sai an ga damina ɗaya ta wuce ɗakin bai yi danshi ba. A daddaɓe tsakuwa, a shimfiɗa leda, a zuba, kuma ƙasan ɗakin ya fi tsakar gida tudu.

Tsofaffin ɗakuna tagoginsu ƙanana ne. Za a iya faɗaɗawa, amma nesa da kusurwa, kuma a fara saka azara ko katako mai kauri a sama, ya shiga bango ƙafa ɗaya ta kowane gefe, sannan a fasa ƙasansa. A sa raga saboda sauro. Cikin ɗaki farar ƙasa ta isa, tana haskaka shi kuma ba ta hana bango fitar da danshi. Fentin mai kuwa ɓaɓɓakewa yake yi a jikin ƙasa. In za a ja wayar lantarki ko ta sola, a bi da ita ta cikin bututu a saman bango, kada a tsaga ginin don a ɓoye ta.

Masai kada a bar shi a jikin bangon ɗaki. In tsohon ya cika ko bakinsa ya fara zaizayewa, a cike shi a haƙa sabo, nesa da gini, ta gangaren gida, kuma tsakaninsa da rijiya a nemi mita 30 in fili ya ba da dama. Murfinsa da bakin rijiya su ma wurare ne da buhun siminti ya cancanci kuɗinsa.

Wajen sayayya, kwano da ƙusa da langa-langa za ka iya tara su kaɗan-kaɗan tun kafin lokaci, ba sa lalacewa, kuma kuɗinsu gaba yake yi. Siminti kuwa sai ana gobe za a yi aiki da shi, in ya daɗe a ajiye daskarewa yake yi. Ka haɗa kayan Zariya su tafi a a-kori-kura ɗaya, don kuɗin mota na iya cinye ribar duk cinikin da ka yi a kasuwa. Yashi da dutse a nemo na kusa da amalanke ko jaki. Ka ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ka ɓoye, domin sai an buɗe rufi ake sanin ainihin abin da ke ciki. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta kowace naira, saboda kanka da kuma saboda takardar nan da kuka sa wa hannu da 'yan'uwa.

In an gama, a sami wanda zai zauna a ciki. Ɗakin da ake buɗewa ana sharewa, mai shi zai ga ɗigon farko ya sa a toshe, zai ga hanyar gara a jikin bango ya kankare ta ya bi ta har gidanta. In babu ɗan'uwa mai buƙata, a ba malamin makarantar ƙauyen ko ma'aikacin asibiti ya zauna kyauta, da sharaɗin kula. Kai kuma kowane Afrilu, kafin ruwan farko, ka je da maginin ku hau sama: a zare ciyawa, a buɗe indararo, a liƙe tsaga, a duba ƙusoshin kwano da langa-langa, a yashe rariya. Aikin yini ɗaya ne. Ɗakin da aka tokare aka bari kuma, shi ne na farko a lissafin kaka mai zuwa.